Rumman a Cikin Kasko

Ranar da muka sauka a Japan na tambayi alƙibla don in yi azahar, aka nuna mini yamma. Na ce wa Malam Tanko, wanda muka zo tare, mutanen nan wasa suke yi da mu. Ya yi dariya ya ce, "Isuhu, ai mun wuce Makka. Yanzu a bayanmu take." Na juya na yi sallar, amma hankalina bai kwanta ba, kuma ba zan ce ya kwanta ba har muka bar ƙasar.

Masaƙar da muke wa aiki a Sharada ce ta sayi sababbin injuna daga can, a ƙarshen shekarun saba'in, sai ta tura mu biyu mu koyo yadda ake haɗa su da gyara su. Malam Tanko shi ne shugaban makanikai, dattijo mai sanyin hali. Ni kuwa tun ina yaro aka san ni da rashin zama wuri ɗaya. Aka ajiye mu a gidan kwanan ma'aikata a wani garin masana'antu kusa da Osaka, aka yanka mana ɗan kuɗin abinci wanda in ka ci ka ƙoshi ba abin da zai saura. Abincin ma tsoronsa muke ji, don ba mu san inda naman alade yake ɓuya ba. Shinkafa fara da dafaffen ƙwai muka riƙe, safe da rana, har na tsani ganin kaza.

Da rana aiki yakan ɗauke mini hankali. Da an tashi kuwa sai tunanin Baba ya dawo. Mahaifina manomi ne a bakin kogin Challawa, a can aka haife shi, a can ya tsufa. Da aka karɓi gonarsa za a gina kamfanin jima, an biya shi diyya, bai yi gardama ba. Amma akwai wata tsamiya a tsakiyar gonar, wadda a gindinta yake cin abinci, yake gyangyaɗi, yake sasanta rigimar maƙwabta. Yana tsaye katafila ta tumɓuke ta. Na ɗauko shi na kawo shi gidan da nake haya a Panshekara, gidan da aka shafe tsakarsa da siminti, kuma mai gidan ya yi gargaɗi ko barkono kada a shuka masa. Tun daga nan Baba ya shiga ɗaki. Ya daina fita sai Juma'a, daga baya Juma'ar ma sai an yi da gaske. Matata Ladi takan kai tuwo ta dawo da shi an ɗan gutsuri gefe. Ba ciwo a jikinsa, likita ya duba. Ramewa kawai yake yi muna kallo.

Da na shiga yi masa sallama na tambaye shi tsarabar da yake so. Bai ɗago kai ba ya ce, "In suna sayar da inuwa a can, ka sayo mini."

Wannan magana ta bi ni har Japan, ta hana ni sukuni.

Injiniyan da yake koya mana aiki ya taɓa zuwa Kano kafa injuna a Bompai, ya tsinci Hausa 'yar kaɗan. Duk inda ya gan mu sai ya sunkuya ya ce "Sannu da aiki," ko muna cin abinci ne, don haka muka sa masa suna Sannu. Wata rana ya aike ni ofishinsa in ɗauko sifana, sai na ga wani abu a bakin taga da ya tsayar da ni. Bishiya ce cikakkiya, da kututture da rassa da ɓawo mai tsagewa irin na tsohuwar itaciya, amma duk tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, tana zaune a cikin wani ɗan faranti. Na durƙusa ina leƙa ƙarƙashinta har Sannu ya gaji da jira ya biyo ni. Da Turancinsa da nawa, duka gurguwa, ya fahimtar da ni cewa bonsai suke kiranta, kuma ta girme shi. Ana datse mata saiwa da rassa, ana naɗa mata waya, sai ta tsufa ba ta girma ba.

Nan take na tuna da Baba. Bishiyar da ba ta buƙatar gona! Bishiyar da mai gidan haya ba zai ce an fasa masa siminti ba. Na ce a raina na samo tsarabar Baba.

Daga ranar na daina cin abincin rana ina tara kuɗin. Malam Tanko yana tara nasa don rediyo mai kaset, ya ce mini, "Kai ma ka saya wa tsoho rediyo ya riƙa jin labarai. Wa ya taɓa ɗauko itace daga wata duniya ya kai Kano?" Ban saurare shi ba.

Lahadin farko da na ga aljihuna ya ɗan yi nauyi, na hau jirgin ƙasa ni kaɗai zuwa wani shago da Sannu ya kwatanta mini. Na ɓata sau biyu kafin in same shi. Bishiyoyi ne jere a kan katako, kowace da ɗan allonta na farashi. Na zaɓi wadda ta fi kama da tsamiya, na duba allon, na sake dubawa. Ko albashina na shekara aka haɗa ba zai saye ta ba. To, ni Bakano ne, na san farashin farko na buɗe baki ne kawai. Na kira mai shagon, na zaro abin da ke aljihuna na nuna masa, ina jiran ya ce albarka a yarensu mu fara. Mutumin ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya sunkuya har ƙasa cikin ladabi, sannan ya ɗauki bishiyar da hannu biyu ya shige da ita ciki ya rufo ƙofa. Na tsaya a wajen kamar wanda aka watsa wa ruwan wanki. Duk hanyar komawa ina zage-zage da Hausa a cikin jirgi, ba mai ji, ba ma mai kallona.

Haka na yi ta yawo duk Lahadi, sanyi yana ƙaruwa, takalmina na Kantin Kwari yana shan ruwan ƙanƙara. Ko'ina labarin ɗaya ne. Ba a tayi, ba a ragi, ba a ko ɗan jan hira. Ban san ina kewar ciniki ba sai a can. Na yi kewar a ce mini "Haba, Alhaji, ƙara dai," in juya in tafi a kira ni.

Shi ya sa na faɗa hannun mutumin kasuwar bikin. Wata kasuwa ce da ake ci lokaci-lokaci a harabar wani wurin bautarsu, rumfuna ko'ina. A can ƙarshe na ga wani mai faffaɗar dariya ya baza 'yan bishiyoyi a kan tabarma, kore shar, masu ganye kamar allurai, an lulluɓe gindinsu da fararen tsakuwa. Na nuna ɗaya, ya ɗaga yatsu. Na rage, ya dafe ƙirji kamar na soke shi. Na juya zan tafi, ya riƙo hannun rigata. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido, ji na yi kamar ina kasuwar Kurmi. Muka ja, muka ja, ya sallama. Na ba shi fiye da rabin abin da na tara, na rungumo bishiyata ina jin kaina gwanin ciniki. Ko kaɗan bai zo mini a rai in tambayi kaina ba, me ya sa duk ƙasar nan shi kaɗai ya yarda a taya kayansa.

Na ajiye ta a bakin tagar ɗakinmu ina ba ta ruwa safe da yamma. Ba a jima ba ganyen ya fara ja, ya fara zuba. Wata safiya Malam Tanko ya tsaya a kanta ya daɗe, sannan ya ce, "Isuhu, ba ni izini." Ya kama ta da yatsu biyu ya ja, ta fito salin-alin. Reshe ne aka sare, aka fiƙe gindinsa kamar fensir, aka soka a ƙasa, aka manne tsakuwar da gam. Ko saiwa ɗaya babu.

"Ɗan manomi," in ji shi, "ka sayi tsinke."

Kunya ta fi asarar ciwo. Na tuna yadda Baba yake sayen dashen mangwaro, sai ya tona gindin da yatsa ya ga saiwa kafin ya tambayi kuɗi. Ni kuwa ganye na kalla, da dariyar mai kaya. Na koma kasuwar a Lahadin da ta biyo, na tarar da fili fetal, an share ko'ina tas.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Na ɗaure noti a baibai har injin ya tsinka zare, abin da ban taɓa yi ba. Ga lokacin komawa yana matsowa, ga abin da ya rage a hannuna bai taka kara ya karya ba. Sannu ya lura. Ya tambayi Malam Tanko, shi kuwa ya kwashe labarin duka ya faɗa masa, har da na gonar da tsamiyar, ina ta harararsa. Da Sannu ya gama ji, ya ce in shirya ranar Lahadi.

Jirgi ya kai mu can bayan gari, inda gonaki suke kwance babu komai a kansu. Yayarsa ce take da lambun dashe a wurin, wata 'yar tsohuwa mai lanƙwasasshen baya da hannuwa masu kaushi irin na matan ƙauyenmu. A raina na sa mata Gwaggo. Ta wuce da mu ta gaban manyan bishiyoyi masu tsada ko kallonsu ba ta yi ba, har bayan rumfa, inda ƙananan dashe suke jibge a cikin baƙaƙen robobi. Sannu ya ce waɗannan su ne 'yan farawa, ba a gama horar da su ba, kuma wanda ba shi da kuɗi da yawa a nan yake saye, ya ƙarasa aikin da hannunsa.

Na miƙa hannu ga wata mai ganyen allurai, ta buge mini hannu. Ta yi wa Sannu tambayoyi, yana juya mini. Ƙanƙara tana sauka a garinku? Na ce a'a. Zafi fa? Na ce akwai watannin da ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Ta girgiza kai ta ce wannan ba za ta yi wata guda a can ba, kuma ita ba ta sayar da abin da ta san mutuwa zai yi. Ta ja ni zuwa wani layi na sanduna tsirara, ko ganye ɗaya babu a jikinsu. Raina ya ɓaci, na ce wa Sannu tsinke na riga na saya sau ɗaya. Tsohuwar ba ta jira fassara ba. Ta kankare ɓawon ɗaya da farce, kore ya bayyana, ɗanye jagab. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani busasshen ɗan itace, ta fasa shi a tafin hannunta. Na ga 'ya'yan a jere, na ce, "Rumman!" da ƙarfi har kare ya yi haushi. Sandunan nan rumman ne, barcin sanyi suke yi, in ji ta, kuma rumman yana son rana.

Ta ce in zaɓa da kaina. Na ɗauki mafi tsawo, ta karɓe ta mayar. Na ɗauki mafi yawan rassa, ta mayar. Sai ta kama yatsana ta tura shi cikin ƙasar wata robar, ta zagaya da shi gindin. Na ji saiwoyi sun bazu ta kowane gefe. Ta shafa kututturen daga ƙasa zuwa sama, in ga yadda ya yi kauri a gindi ya sirance a kai. Rassa za a iya samu daga baya, in ji ta, tukunya kuma ko ta wane iri ce, amma gindi da saiwa su ake biya wa kuɗi. Na durƙusa a cikin sanyin nan ina tona robobi ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka mutu, sannan na samu wata gajera mai ɗan karkata. Ta duba, ta gyaɗa kai.

Da aka zo biya, kuɗina bai kai ba. Na riƙe bakina, don na riga na koyi darasi a kan tayi. Ita ce ta ce ai doka ba ta barin ƙasar shuka ta tsallaka zuwa wata ƙasar, don haka ba tukunyar da ta saba haɗawa zan ɗauka ba, bishiyar kaɗai zan biya. Ko gaskiya ne lissafin ya yi daidai, ko ita ta daidaita shi, ban sani ba har yau. Ta naɗa wa rassan waya, ta nuna mini yadda ake datse saiwa duk bayan shekara biyu. Ta riƙe dashen a wurinta har ana gobe za mu tashi, ta wanke saiwar tas, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen gansakuka, Sannu kuma ya samo takardar da ake nema a filin jirgi. Na lura tun ranar farko tana kallon aikin da ke jikin hulata. Na cire na ba ta, na koma gari da kai a buɗe, kunnuwana kamar za su faɗi.

A hanyar dawowa a cikin safar ƙafa na sa bishiyar, na cusa a cikin kwat ɗina. Malam Tanko ya rungumi rediyonsa ya yi barci, ni kuwa na kasa zama. Kowane ɗan lokaci sai na tashi na shiga banɗakin jirgi na ɗiga mata ruwa, har ma'aikaciyar jirgin ta kawo mini maganin gudawa. A inda muka sauya jirgi wani jami'i ya zare ta daga safar ya juya ta, ya karanta takardar, ya dube ni da tausayi ya miƙo mini.

Mun sauka Kano bazara ta kankama. Ban kai bishiyar gida ba, don ba zan miƙa wa Baba sanda ba. Na sayi kasko wurin masu tukwane, na huda gindinsa, na haɗa jar ƙasa da yashi, na dasa ta na ɓoye a bayan ɗakin gyaranmu a Sharada kusa da famfo. Baba kuwa na same shi ya ƙara zubewa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya amsa gaisuwata, bai tambayi komai ba. Ladi ta ja ni gefe ta ce, "Maigida, mutane fa suna magana. Wai ka je har Japan ka dawo wa mahaifinka hannu rabbana." Na ce ta ƙara haƙuri. Kullum kafin in shiga aiki sai na leƙa kaskon, in ga sanda tana nan sanda.

Sai wata safiya na ga wasu 'yan jajayen ɗigo a jikin rassan. Kafin mako ya zagayo ta yi ganye ƙanana masu sheƙi. Na ɗaure kaskon a bayan keke, na tuƙa a hankali har Panshekara, abin da ban taɓa yi ba.

Na ajiye shi a gaban tabarmar Baba na ce, "Baba, ga tsarabarku."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya matso, ya tura yatsa a gindin ya zagaya, daidai yadda Gwaggo ta yi.

"Rumman ne. Saiwar tana da kyau," in ji shi. "Wa ya ɗaure ta da waya?"

Na gyara zama na shiga bayani da zumuɗi. Na ce haka ake yi a can, ana datse saiwar don kada ta girma, za ta shekara ɗari a cikin kaskon nan, ba ta buƙatar gona, ba ta buƙatar fita ko'ina, a ɗaki ma za ta zauna in dai akwai taga. Ina cikin magana na ga fuskarsa ta canza.

"Isuhu," ya ce, "wato ka ga abin da aka yi mini, sai ka tsallaka duniya ka sayo mini irina."

Duk yunwar da na sha, da sanyin, da tsinken da na saya, suka dawo mini. Na so in yi fushi, na rasa da wa.

Baba ya fara warware wayar da yatsunsa, a hankali, reshe bayan reshe, don kada ya ji wa ɓawon ciwo. Da ya gama ya dunƙule ta ya ajiye a gefe, ya ce, "Ɗauko mini fartanya." Na ce ai mai gida ya hana. Ya ce, "Na ce maka a nan zan shuka?" Ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki kaskon da kansa, ya ƙi in karɓa masa. Ladi ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya baki buɗe, tana kallon surukinta yana ƙetare zaure da rana tsaka, ranar da ba Juma'a ba.

Masallacin unguwarmu ya nufa. Ya yi magana da liman, ba ta fi ta minti biyu ba, sannan ya durƙusa a gefen wurin alwala, inda ruwa yake gangarewa ya jiƙa ƙasa. Ya haƙa rami, ya fasa kaskon da ƙotar fartanya, ya baza saiwoyin da hannunsa ya rufe. Ina tsaye ina kallon bonsai ɗina, wadda na ɗauko a ƙirjina daga ƙarshen duniya, ta zama dashen rumman kamar kowane. Ya ɗago ya ce, "Tsayuwar me kake yi? Awaki za su cinye ta. Nemo ƙaya."

Washegari tun da sassafe ya fita da buta. Ya dawo yana faɗan an bar ƙofar masallaci a buɗe tunkiya ta shiga, ya ce wa Ladi ko akwai sauran ɗumame. Daga nan kullum yana can, yana korar awaki, yana gardama da ladan a kan taki. Malam Tanko ya zo ya gani ya ce, "To, Isuhu, da ka sani ai da a Sharada ka sayi dashen, ko sisi ba za ka kashe a jirgi ba." Na ce masa na Sharada ba zai tayar da Baba ba, kuma har yanzu haka na yi imani.

Rumman ba tsamiya ba ne, ba ya yin wata inuwar kirki. Sai da ya shekara huɗu ko biyar kafin ya fi mutum tsawo. Wata ranar Asabar na taso daga aiki da azahar, na hango Baba a gindinsa a kan buzu, kansa da kafaɗunsa a inuwa, ƙafafunsa a rana. Na gaishe shi zan wuce ciki. Ya muskuta gefe har rabin jikinsa ya fita rana, ya daddaɓa wurin da ya bari.

"Zo ka zauna," in ji shi. "Ai kai ka sayo ta."